Tsautsayin Allura: Waiwaye a Kan Annobar Ƙanjamau da Ciwon Hanta Tsakanin Masu Allurar Ƙwaya a Birnin Edinbura

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin adabin Turai ya san Edinbura, babban birnin ƙasar Sikotland da ke arewacin Birtaniya, a matsayin garin malamai da marubuta da likitoci. A nan aka haifi Walter Scott da Robert Louis Stevenson da Arthur Conan Doyle, kuma makarantar koyon aikin likita ta jami'ar garin, wadda aka kafa a 1726, tana daga cikin waɗanda suka fi yin suna a Turai. Amma a tsakiyar shekarun 1980 sai ga jaridu sun laƙaba wa birnin wani suna na daban, suna kiran sa hedkwatar ƙanjamau ta nahiyar Turai. Dalili kuwa shi ne, a cikin wata goma sha takwas ko makamancin haka, ƙwayar cutar ta mamaye matasan wasu unguwannin talakawa na garin, waɗanda suke yi wa kansu allurar hodar hiroyin, har ta kama fiye da rabin waɗanda aka auna jininsu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan al'amari ya auku. Za a faro daga asalin allurar kanta, a dubi cututtukan da suka riga ƙanjamau bin wannan hanya, musamman ciwon hanta, sannan a zo kan abin da hukumomi suka yi da abin da ya biyo baya. A duk inda aka ce "masu allurar ƙwaya" a wannan maƙala, ana nufin mutanen da ke narka kayan maye su ɗura su a jijiya da sirinji, ba bisa umarnin likita ba. Abin da ke gabanmu tambaya ce guda: idan hukuma ta tashi yaƙi da shaye-shaye, wane mataki ne yake ceton rai, wane ne kuma yake ƙara yawan kaburbura? Tarihin Edinbura ya ba da amsa, kuma amsar ta ci rayuka da yawa kafin a same ta.

2.0 Asalin Allura da Hodar Hiroyin

Abin mamaki, a Edinbura ɗin ne aka fara amfani da irin allurar da muka sani a yau. A 1853 wani likitan garin mai suna Alexander Wood ya haɗa sirinji da allura mai rami a ciki, ya ɗura wa wata mai fama da ciwon jijiya maganin mofin a ƙarƙashin fata, kuma ya buga bayanin aikin nasa a 1855. Kafinsa Francis Rynd na Dablin ya gwada allura mai rami a 1844, haka kuma Charles Pravaz na Faransa ya ƙera nasa sirinjin a daidai lokacin, to amma hanyar Wood ce ta yaɗu tsakanin likitoci. Shi kansa mofin, wanda Bajamushe Friedrich Sertürner ya tace daga ofiyom a farkon ƙarni na 19, a Edinbura ne William Gregory ya samo hanyar tace shi cikin araha a 1831, har garin ya zama cibiyar sarrafa shi.

Likitoci da dama na wancan zamani sun ɗauka cewa jarabar ofiyom daga ciki take tasowa, kamar yadda kwaɗayin abinci yake, don haka suka zaci idan magani bai bi ta baki ba, mutum ba zai kamu da jarabarsa ba. Ba a daɗe ba aka gane an gudu gara ne an faɗa gidan zago, domin abin da aka ɗura a jiki ya fi saurin isa ƙwaƙwalwa, jarabarsa kuma ta fi ƙarfi.

A 1874 wani masanin haɗa magunguna a Landan, C. R. Alder Wright, ya sarrafa mofin ya fitar da wani sabon sinadari. Kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da shi a 1898 a matsayin maganin tari, da sunan da ya zama hiroyin. Da illarsa ta bayyana sai ƙasashe suka shiga kafa dokoki. Birtaniya ta kafa tata a 1920, amma kwamitin Rolleston na 1926 ya bar wa likitoci damar rubuta wa wanda jaraba ta riga ta kama shi magani daidai gwargwado, bisa la'akari da cewa majiyyaci ne. Wannan tsari ya ɗore har zuwa 1968, lokacin da aka taƙaita damar ga wasu likitoci ƙalilan masu lasisi na musamman. Daga nan asibitoci suka riƙa karkata ga ra'ayin cewa mai jaraba ya daina gaba ɗaya, in kuwa ba zai iya ba, babu abin da za a yi masa. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu sake tarar da shi a gaba.

3.0 Cututtukan da Suka Riga Ƙanjamau

Ƙanjamau ba ita ce cuta ta farko da ta bi allura daga jikin wani zuwa jikin wani ba. A 1929 wani likita mai suna Biggam ya ba da rahoton zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tsakanin masu allurar hiroyin a birnin Alƙahira, waɗanda ba sauro ne ya cije su ba, sirinji ɗaya suke karɓa-karɓa. A shekarun 1930 aka sake ganin irin haka a birnin Niyok na Amurka. Ke nan tun kafin yaƙin duniya na biyu likitoci sun san cewa allurar haɗaka tana ɗaukar cuta.

Ciwon hanta kuwa labarinsa ya fi haka tsawo. A 1883, a wata ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da ke Biremen ta Jamus, an yi wa ma'aikata 1,289 lambar rigakafin agana da wani ruwa da aka samo daga jikin mutane, sai 191 daga cikinsu suka kamu da shawara bayan 'yan watanni. A 1942 sojojin Amurka wajen 50,000 suka kwanta da shawara bayan an yi musu rigakafin da aka haɗa da ruwan jinin mutane. An san akwai wani abu a cikin jini da ke lalata hanta, amma ba a san ko mene ne ba, sai a tsakiyar shekarun 1960 da Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar cutar da ake kira nau'in B, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976. An sami allurar rigakafinta a 1981. A nan ma Edinbura tana da hannu, domin Kenneth Murray na jami'ar garin yana cikin waɗanda suka share fagen sabuwar rigakafin da ba ta buƙatar jinin mutum, wadda ta fito a 1986. Akwai kuma wani nau'in da likitoci suka daɗe suna ganin ɓarnarsa ba su ga ƙwayarsa ba, sai dai su ce da shi "wanda ba A ba, ba B ba". Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano shi, aka sa masa suna nau'in C.

Ya kamata a bayyana yadda abin yake faruwa. Mai allurar ƙwaya yakan ja jini kaɗan ya shigo cikin sirinji don ya tabbatar allura ta sami jijiya, wani ma yakan sake jan jinin ya mayar don kada ya bar komai a ciki. Saboda haka ko da an ɗauraye sirinjin da ruwa, akwai ragowar jinin da ido ba ya gani. Wanda ya karɓa bayansa zai tura wannan ragowa kai tsaye cikin jijiyarsa. Cokalin da ake narka hodar da audugar da ake tace ta da ruwan ɗauraya, duk suna iya ɗaukar jinin. Sai dai ƙwayoyin cutar ba ƙarfinsu ɗaya ba. Binciken da aka yi kan ma'aikatan asibiti da allurar majiyyaci ta soke su bisa kuskure ya nuna cewa ƙanjamau takan kama kimanin mutum 3 cikin 1,000, nau'in C kimanin 2 cikin 100, nau'in B kuwa yakan kai 30 cikin 100 idan mai jinin yana ganiyar ɗauke da cutar. Ƙwayar nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai. Wannan ne ya sa a kusan ko'ina ciwon hanta yake riga ƙanjamau bayyana, tamkar ɗan saƙon da ke gaba yana shelar isowarta.

4.0 Edinbura Daga 1979 Zuwa 1985

A ƙarshen shekarun 1970 hodar hiroyin mai araha ta fara kwararowa Birtaniya daga yankin Iran da Afganistan da Fakistan. Ta iso a daidai lokacin da masana'antu ke rufewa, har yawan marasa aikin yi a ƙasar ya haura miliyan 3 a 1982. A Edinbura, abin ya fi ƙamari a rukunin gidajen gwamnati da ke gefen gari, irin su Muirhouse da Pilton, da kuma tsohuwar unguwar tashar jiragen ruwa ta Leith, wuraren da masu yawon buɗe ido ba sa takawa. A wasu biranen Ingila matasa sun fi ƙona hodar su shaƙi hayaƙinta, amma a Edinbura allura ce ta zama yayi tun daga farko. Yawancinsu samari ne da 'yan mata da ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

Hukumomi sun fuskanci matsalar da hanyar da suka saba. 'Yan sanda suka riƙa ƙwace sirinji da allura a hannun duk wanda suka kama, suna kuma amfani da su a matsayin shaida a kotu. A 1982 ƙungiyar masu haɗa magunguna ta Birtaniya ta shawarci 'ya'yanta da kada su sayar da sirinji sai ga majiyyaci na ainihi, kuma a wannan shekara wani kantin kayan asibiti da ke tsakiyar gari, wanda yawancin matasan suka dogara da shi, ya daina sayarwa saboda matsin lamba. A ɗaya gefen kuma, kamar yadda aka ambata a baya, babu wani wurin jiyya na a-zo-a-gani da mai jaraba zai je a ba shi maganin da zai maye masa gurbin hodar.

Tunanin hukuma a fili yake, kuma ba na mugunta ba ne: idan babu allura, ba za a yi allura ba. Kuskuren lissafin shi ne an manta da yadda jaraba take. Wanda jikinsa ya saba da hiroyin, idan ya yi 'yan sa'o'i bai samu ba, zai shiga zufa da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi, kuma a wannan hali ba zai tsaya tambayar wa ya yi amfani da allurar kafinsa ba. Hodar ba ta yi ƙaranci ba, sirinji ne ya yi. Da yake yawo da sirinji a aljihu ya zama hanyar shiga hannun 'yan sanda, sai matasa suka koma taruwa a gidajen masu sayar da hodar, inda sirinji ɗaya zai zaga hannun mutum goma ko ashirin, a ajiye shi kuma don waɗanda za su zo gobe.

Ɗan saƙon bai yi jinkiri ba. Tun wajen 1982 likitoci suka fara ganin matasa idanunsu sun yi ɗorawa da shawara, ciwon hanta nau'in B ya ɓarke. Ɗaya daga cikin likitocin, Dokta Roy Robertson, wanda ke duba marasa lafiya a ɗakin shan magani na Muirhouse, ya riƙa ɗibar jininsu yana aikawa a auna, ana kuma adana ragowar a cikin sanyi. A lokacin babu wanda ya san abin da ke cikin waɗannan kwalabe. An dai ba da rahoton farko na ƙanjamau a Amurka ranar 5 ga Yuni 1981, masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa sun gano ƙwayarta a 1983, amma na'urar awon jini ba ta wadata ba sai 1985.

5.0 Rahoton Robertson da Kwamitin McClelland

Da awo ya samu sai aka koma kan jinin da aka adana. A watan Fabrairu na 1986 Robertson da abokan aikinsa suka buga sakamakon a babbar mujallar likitocin Birtaniya. Daga cikin mutum 164 da aka auna, 83 suna ɗauke da ƙwayar cutar, wato kashi 51 cikin ɗari. Da yake kowace kwalba tana ɗauke da ranar da aka ɗebi jinin, an iya gane lokacin da cutar ta shigo: ta ɓarke ne a ƙarshen 1983, ta ci gaba da yaɗuwa a tsawon 1984. Wato a lokacin da aka farga, aikin gama ya riga ya gama.

Abin da ya ƙara jan hankalin masana shi ne kwatanci da Gilasgo, birnin da bai fi tafiyar sa'a guda a jirgin ƙasa daga Edinbura ba. Gilasgo ta fi yawan jama'a, ta fi yawan masu allurar ƙwaya, amma waɗanda aka samu da cutar a cikinsu a wancan lokaci ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Masu bincike sun danganta bambancin da abu biyu: ƙwayar cutar ta riga isa Edinbura, sannan ta tarar da jama'ar da ƙarancin sirinji ya tilasta musu haɗaka a manyan rukunoni.

Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dokta Brian McClelland na hukumar ƙarin jini, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Satumba na 1986. Kwamitin ya ce hana yaɗuwar cutar ya kamata ya zo gaba da komai. Ya ba da shawarar a ba wa waɗanda ba za su iya daina allura ba sirinji mai tsabta su kawo tsohon, a riƙa rubuta musu maganin da zai maye gurbin hodar, kuma 'yan sanda su sake duba ɗabi'ar ƙwace kayan allura. Wannan dabara ba a Sikotland aka fare ta ba. A birnin Amstadam na Holand, ƙungiyar masu shan ƙwayar da kansu ce ta fara musayar sirinji a 1984, da taimakon hukumar lafiya ta birnin, kuma tsoron ciwon hanta nau'in B ne ya sa suka fara, ba ƙanjamau ba.

Shawarar ta gamu da suka mai tsanani, kuma sukar tana da hujjarta. Masu adawa suka ce, ta yaya gwamnatin da ta haramta abu za ta raba kayan aikata shi da kuɗin jama'a? Ashe wannan ba ɗaure wa ɓarna gindi ba ne? Lokacin da aka buɗe wurin musayar sirinji a asibitin Ruchill na Gilasgo a 1987, mazauna unguwar sun yi watanni suna zanga-zanga a ƙofarsa. Duk da haka Ministan Lafiya Norman Fowler, a gwamnatin 'yan mazan jiya ta Margaret Thatcher, ya amince a fara gwaji a wurare da dama na Ingila da Sikotland a 1987. A 1988 majalisar da ke ba gwamnati shawara kan miyagun ƙwayoyi ta bayyana cewa yaɗuwar ƙanjamau ta fi shan ƙwaya haɗari ga mutum da al'umma. A wannan shekara ce Dokta Judy Greenwood ta kafa wani sashe a Edinbura da ke haɗa kai da likitocin unguwanni wajen ba masu jaraba metadon, wani ruwan magani da ake sha sau ɗaya a yini, wanda ke kwantar da azabar rashin hodar ba tare da allura ba.

Sakamakon ya bayyana a cikin 'yan shekaru. Mutane da yawa suka bar allura suka koma shan magani ta baki, haɗakar sirinji ta ragu, sababbin kamuwa suka yi ƙasa ƙwarai. Gilasgo da sauran biranen Birtaniya ba su ga irin abin da Edinbura ta gani ba. Sai dai waɗanda suka riga suka kamu ba su sami wannan rabo ba, domin magani mai ƙarfi na haɗin ƙwayoyi uku bai samu ba sai 1996. Kafin nan cutar ta kai ga matansu da mazajensu da jariran da aka haifa, kuma a 1991 sai da aka buɗe wani gida na musamman, Milestone House, don jinyar waɗanda suke gargara.

6.0 Nau'in C, Wanda Ya Yi Likimo

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da aka fara awon nau'in C a farkon shekarun 1990, sai aka tarar mafi yawan waɗanda suka yi allura a shekarun 1980 suna ɗauke da shi, har a Gilasgo da ta tsira daga ƙanjamau. Dalili shi ne wanda aka bayyana a sashe na uku: ƙwayarsa ta fi ta ƙanjamau saurin kamawa, kuma ta riga ta yi yawa a cikin jama'ar, ta yadda kuskure ɗaya ya isa. Matakin da ya wadatar wajen tare ƙanjamau bai wadatar wajen tare shi ba.

Halin wannan ciwo shi ne shiru. Kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka kamu jikinsu yakan kore shi da kansa, sauran kuwa yakan zauna a hanta shekara ashirin ko talatin yana cin ta a hankali, har ta ƙanƙance ko ta kamu da sankara. Mutum zai iya barin ƙwaya tun yana saurayi, ya yi aure, ya kama sana'a, sannan ciwon ya taso masa yana da furfura. Har yau babu allurar rigakafinsa. Maganin farko, wato intaferon, allura ce ta wata shida zuwa shekara guda, mai wahalar da jiki, kuma kusan rabin waɗanda suka yi ne kawai suke warkewa. Daga ƙarshen 2013 aka sami sababbin ƙwayoyi da ake sha na mako 8 zuwa 12, waɗanda ke warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. A yankin Tayside na Sikotland, inda birnin Dandi yake, likitoci ƙarƙashin Farfesa John Dillon suka kai maganin kantunan magani da wuraren musayar sirinji, suka ba wa har waɗanda ba su daina allura ba, bisa hujjar cewa wanda ya warke ba zai harbi wani ba. A 2020 hukumar lafiya ta yankin ta sanar da cewa ta cim ma mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya na kawar da ciwon, shekara goma kafin wa'adin 2030.

7.0 Abin da Adabi Ya Adana

Alƙaluman likitoci sun faɗi yawan waɗanda suka kamu, amma adabi ne ya adana muryarsu. A 1993 Irvine Welsh, wanda ya tashi a Muirhouse, ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari mai suna Trainspotting, aka mayar da shi fim a 1996. Marubucin ya rubuta mafi yawansa da karin harshen talakawan Edinbura, ya bar taurarinsa suna magana da bakinsu, ba tare da ya yi musu wa'azi ko ya wanke su ba. Abin lura ga manazarci shi ne yadda cutar ta raba rabonta a labarin. Renton, wanda ya daɗe yana allura, ya tsira, Tommy kuwa, wanda ya shigo daga baya bayan budurwarsa ta rabu da shi, shi ne ya kamu. Wannan ya dace da abin da binciken likitoci ya nuna, cewa abin da ke yanke hukunci shi ne sirinjin da ya faɗo hannun mutum a wata rana, ba yawan zunubinsa ba. An zargi littafin da ƙawata shaye-shaye, amma wanda ya karanta shi har ƙarshe zai yi wuya ya fito da sha'awar irin wannan rayuwa.

8.0 Annoba Ba Ta Mantuwa

Nasarar da aka samu ba ta dindindin ba ce. A 1993 ƙanjamau ta ɓarke a gidan yarin Glenochil na Sikotland, inda fursunoni ke ɓoye sirinji ɗaya suna karɓa-karɓa, kuma a nan ma ciwon hanta nau'in B ne ya fara tona asirin. A 2015 ta sake ɓarkewa a tsakiyar Gilasgo tsakanin marasa matsuguni, waɗanda suka koma allurar hodar iblis. Da yake mayen hodar iblis ba ya daɗewa, mai yin ta yakan yi allura sau da yawa a yini, sirinjin da ake rabawa kuma bai isa ba. A cikin 'yan shekaru masu ɗauke da cutar a cikinsu suka tashi daga kimanin kashi 1 zuwa kusan kashi 11 cikin ɗari. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a watan Janairu na 2025 aka buɗe The Thistle a Gilasgo, wuri na farko a Birtaniya da doka ta yarda mutum ya yi allurarsa a gaban ma'aikatan jinya.

Amurka ta bi wata hanyar. A 1988 majalisar dokokinta ta hana kashe kuɗin gwamnatin tarayya kan musayar sirinji, jihohi da dama kuma suka haramta ta. A 2015, a garin Austin na jihar Indiyana, mai mutane kimanin 4,200, ƙanjamau ta kama mutum kusan 200 a yankin, mafi yawansu kuma suna ɗauke da nau'in C. Sai da abin ya kai haka Gwamna Mike Pence ya ba da izinin musayar sirinji, shekara talatin bayan darasin Muirhouse.

Adalci ne kuma a faɗi iyakar wannan dabara. Sirinji mai tsabta yana tare cutar jini, ba ya warkar da jaraba, ba ya kuma samar da aikin yi ko matsuguni. A 2020 mutum 1,339 suka mutu a Sikotland ta dalilin shan ƙwaya, adadin da ba a taɓa gani ba a ƙasar.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa annobar Edinbura ta samo asali ne daga haɗuwar abubuwa da dama: hoda mai araha, matasa marasa aiki, rashin wurin jiyya, da kuma dokar da ta rage sirinji ba ta rage jaraba ba. Ta kuma nuna cewa ciwon hanta ya yi gargaɗi shekara guda ko biyu kafin ƙanjamau ta iso, ba a saurara ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta masu allurar ƙwaya a duniya sun kai kimanin miliyan 14, ɗaya cikin takwas yana ɗauke da ƙanjamau, kusan rabi kuma suna ɗauke da nau'in C.

Nijeriya tana cikin wannan lissafi. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, kimanin 80,000 kuma allura suke yi, galibi da magungunan kashe zafi na asibiti. Adadin ba shi da yawa idan aka kwatanta da yawan jama'ar ƙasa, amma na Muirhouse ma bai da yawa a 1982. Waɗannan mutane suna da mata da mazaje da 'ya'ya, don haka jininsu bai tsaya a kansu ba. Ana iya ƙyamar ɗabi'arsu, a kuma ci gaba da farautar masu safarar ƙwaya, ba tare da an rufe musu ƙofar awo da rigakafin nau'in B da magani da kayan da ba su gurɓata ba. Wanda yake raye shi ne ake sa ran wata rana zai daina. Bahaushe ya ce, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.